BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: KIRA GA 'YA'YAN KURFAI A KAN JARRABAWAR HASUMIYAR JIRGIN SAMA



Duk wanda ya taɓa kwana waje da bazara, a Filinge ko Tukunus ko Shikal, ya ga wata 'yar wuta tana ƙyaftawa can cikin taurari, tana tafiya sannu-sannu kamar ba ta so. Yara su ce ga jirgi, ga jirgi! Manya su ɗaga kai su duba, su koma ga hirarsu. To, yau tambaya muka zo da ita. Sa'ad da jirgin nan yake bisa kanmu, da mutum ɗari biyu ko ɗari uku a cikinsa, wa ke gaya masa inda zai bi? Wa ke hana shi gamo da ɗan'uwansa cikin duhu?

Ba matuƙi kaɗai ke tafiyar da jirgi ba. Akwai wani mutum a ƙasa, zaune cikin ɗaki mai tagogin gilashi a bisa hasumiyar filin jirgi, da abin magana a bakinsa da abin ji a kunnensa. Matuƙi ba ya hawa titin tashi sai da izninsa, ba ya tashi sai da izninsa, ba ya sauka sai da izninsa. Bayan na hasumiya akwai abokan aikinsa cikin wani ɗaki mai na'urori. Waɗansu suna jera jiragen da suka doso gari kamar yadda ake jera shanu a bakin rijiya, waɗansu kuma suna tsaron masu ratsa ƙasa can sama, waɗanda ba za su sauka ba ko kaɗan. Mutumin nan shi muke kira mai ba jirgi hanya.

Ku dubi wani lissafi. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne ta hanyar Balleyara. Mai tafiyar ƙasa sai ya yi kwanaki, mota ta yi sa'o'i. Jirgin fasinja kuwa, mai gudun kilomita 850 a sa'a, cikin minti 13 ya cinye wannan tafiya. Matuƙa suna da ƙa'ida: kowace ƙafa dubu da jirgi zai gangaro tana cin mil uku na tafiya, mil na masu jirgi kuwa mita 1,852 ne. Watau jirgin da ke bisa ƙafa 35,000, in daga arewa maso gabas ya doso Yamai, tilas ya fara gangarowa tun yana da sauran mil 105, kusan kilomita 195. Ashe a bisa gonakinmu na Dallol Boso ake ba shi izinin fara sauka. Maganar tana ratsa samaniyar Kurfai, amma 'ya'yan Kurfai nawa ne ke yin ta?

YADDA ABIN YA FARO

Kada a ce mana aikin nan baƙo ne a ƙasarmu. Ranar 12 ga Disamba 1959, a San-Luwi ta ƙasar Sanagal, aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa ASECNA, hukumar da ke tsaron lafiyar zirga-zirgar jirage a samaniyar ƙasashen Afirka da yawa da tsibirin Madagaskar. Ku lura da ranar. Ba mu riga mun karɓi 'yancin kai ba, sai 3 ga Agusta 1960. Sabo da haka a farkon al'amari Nasara ne ke zaune a kujerun nan, domin mulkin mallaka bai bar mana masu ilimin da za su hau ba. A 1963 aka buɗe makarantar EAMAC, inda ake koyar da ilimin yanayi da aikin jiragen farar hula. Ba a Dakar aka gina ta ba, ba a Abijan ba, a Yamai aka gina ta. Makwabtanmu na Nijeriya suka buɗe tasu a Zariya a 1964. A 1974 aka sake rubuta yarjejeniyar a Dakar, aikin ya yi ta komawa hannun 'yan Afirka, har 'yan Nijar biyu suka shugabanci hukumar baki ɗaya: Usmanu Isufu Ubandawaki, sa'an nan Mohamed Musa daga 2017 zuwa 2024.

Yau fiye da shekara sittin ke nan samari da 'yan mata suna tahowa daga Kamaru da Gabon da Madagaskar da Sanagal, su keta ƙasashe, su zauna Yamai su koyi aikin, su koma gida da abin yi. Mu kuwa da makarantar ke bakin ƙofarmu, tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba, yawancin 'ya'yanmu ko sunanta ba su taɓa ji ba. Haba jama'a! Rijiya a gidanka, maƙwabci na sha, kai kana kwana da ƙishirwa?

Wanda yake tsammanin samaniya ba dukiya ba ce, ya tuna da 2023. Ranar 6 ga Agusta hukumomin Nijar suka rufe sararin saman ƙasa, ba a buɗe ba sai 4 ga Satumba. Cikin makonnin nan huɗu jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka riƙa yin dogon zagaye, suna ƙona mai, suna ɓata sa'o'i. Samaniyarmu babbar hanya ce ta duniya, kowane jirgin da ya bi ta kuwa yana biyan kuɗin jagorar da aka yi masa.

MAGANA BIYU DA MUKE JI

Magana biyu muke ji a bakin mutanenmu in an ta da zancen nan. Ta farko, a ce aikin na 'ya'yan manya ne na birni, ɗan talaka ko ya je wahalar banza zai sha. Ta biyu ta fi ta farko daɗin ji, ta kuma fi ta haɗari. Ana cewa tun da rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tillaberi cikin shekarun 2021 zuwa 2023, tun da yaranmu sun yi asarar karatu, to a sassauta musu, a rage makin da ake nema, ko a nemi wani babba ya sa baki.

Mu ba mu yarda da ko ɗaya ba. Asarar da yaranmu suka yi gaskiya ce, ba wanda zai gaya mana zafinta. Amma jarrabawar nan tana da wuya, kuma daidai ne ta yi wuya. Kada a rage ko maki ɗaya sabo da ɗan Kurfai, kada a rage sabo da ɗan kowa. Kukanmu ba a kan tsawon katanga yake ba. Kukanmu shi ne ba a kai 'ya'yanmu gindinta da tsani a hannu. Bari mu gaya muku abin da ke cikin jarrabawar, ku yi hukunci da kanku.

Ƙofa biyu ce. Ta farko gasar shiga makaranta, wadda 'yan lakwal ke kira konkur. A nan ana gwada lissafi, da kimiyyar fizik, da Faransanci, da Ingilishi. Mai neman aikin hasumiya akan so ya zo da bak ta fannin kimiyya da ƙarin karatu a bayanta, kuma sanarwar kowace gasa tana faɗin iyakar shekaru da takardun da za a kawo da ranar rufewa. Gasa ce, ba cin rabin maki ba. Gurabe ƙidayayyu ne, wanda ya fi shi ke shiga.

Ƙofa ta biyu ita ce ta lasisi, bayan an gama karatu. Wannan ba ƙasa ɗaya ce ta tsara ta ba. Tun 7 ga Disamba 1944 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Shikago, wadda ta haifi OACI, hukumar jiragen farar hula ta duniya, mai mazauni a Montreal ta Kanada. Littafi na farko cikin littattafan ƙa'idodinta ya ce mai ba jirgi hanya kada ya gaza shekara 21. Ya nuna ya san dokokin sama, da na'urorin aikinsa, da yadda jirgi ke tashi da abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa, da ilimin yanayi, da ilimin gane hanya, da tsarin magana ta wayar iska, har da halin ɗan Adam, watau yadda gajiya da barci da firgita ke ɓata hankali. Bayan haka ya yi aƙalla wata uku yana aiki da jirage na gaske, da gwani a bayansa yana sauraron kowace kalma. Kafin a bar masa hasumiyar wani fili kuma, sai ya yi aƙalla sa'a 90 ko wata guda a wannan filin ƙarƙashin mai duba shi. A ƙasarmu hukumar ANAC ke riƙe da al'amarin lasisi. Abin da ake tambayar ɗan Yamai shi ake tambayar ɗan Paris da ɗan Jidda, domin jirgin da ya taso daga can shi ne zai sauka nan.

LAMBA ƊAYA

Me ya sa ake tsanantawa haka? Ga misali. Jirgi ba ya auna nisansa da ƙasa da igiya. Nauyin iska yake aunawa, domin iska tana raguwa in ana hawa. Amma nauyin iska a ƙasa yana sākewa daga sa'a zuwa sa'a, sabo da haka mai hasumiya yakan gaya wa matuƙi lambar nauyin iska ta wannan lokaci, wadda suke kira QNH, shi kuma ya murɗa ma'auninsa a kanta. Kowane awo ɗaya na wannan lamba wajen mita 8 ne na tsawo. Wannan darasi ne na farko-farko, kowane ɗalibi ya san shi.

Ranar 23 ga Mayu 2022 wani jirgi ƙirar Airbus A320 ya taso daga Istokholm da fasinja fiye da 170, ya doso babban filin jirgi na Paris cikin ruwan sama da gajimare. Lambar ranar 1001 ce. Aka gaya wa matuƙi 1011. Ya maimaita 1011, ya murɗa. Bambancin awo goma, watau wajen mita 80. Ma'auni yana ce masa yana sama, alhali yana ƙasa da haka nesa, ga shi ba ya ganin titi. Da ya fasa saukar ya ja jirgi sama, binciken da aka yi daga baya ya nuna saura ƙafa 6 ya taɓa ƙasa, a cikin fili, tun bai kai titi ba. Ƙafa shida, jama'a, tsawon mutum guda! Wannan a Faransa ke nan, inda ba a rasa makaranta ko na'ura ba, kuma a bakin mutumin da ya ci jarrabawarsa da gaskiya. To ina ga wanda aka shigar da alfarma? Wanda ke roƙon a rage wa ɗansa maki, ya tuna watakila tsohuwarsa ce cikin jirgin alhazan da yaron zai saukar.

Lissafin kuma ba na takarda ba ne, na ka ne. Jirage biyu masu fuskantar juna, kowane yana gudun kilomita 850, suna cinye kilomita 28 na tsakaninsu kowane minti. In kilomita 50 ne tsakani, minti biyu ba za su cika ba. Sabo da haka ake raba su hawa-hawa. Can sama kowa yakan murɗa ma'auninsa a kan lamba guda, 1013, domin awon kowa ya zama ɗaya. Mai zuwa gabas ya ɗauki ƙafa 31,000 ko 33,000 ko 35,000, mai zuwa yamma ya ɗauki 32,000 ko 34,000 ko 36,000. Tun 25 ga Satumba 2008 tazarar ƙafa dubu ɗin nan ce ake aiki da ita a samaniyar Afirka tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000. Ƙafa dubu mita 305 ce kawai. Daga bakin kasuwa zuwa tasha ya fi haka a garuruwa da yawa.

Sa'an nan ga abin haddacewa, wanda ba a buɗe littafi a kansa ranar da ake bukatarsa. Jirgin da ya nuna lamba 7700 yana cikin masifa. Mai nuna 7600 wayar iskarsa ta mutu. Mai nuna 7500 an yi fashinsa. In waya ta mutu, da fitila ake magana daga hasumiya: koriya tsayayya, sauka, ja tsayayya, ba wani hanya ka ci gaba da kewaya, ja mai ƙyaftawa, fili ba lafiya, kada ka sauka. Lokaci kuwa da agogon Girinic ake faɗinsa a duniya duka, namu yana gaba da shi da sa'a guda. Yaron da ya sauke hizifi sittin a makarantar allo, wannan haddar ba za ta ba shi tsoro ba.

ABIN DA ƊAN MANOMI YA RIGA YA SANI

A nan muke so samarinmu su ɗaga kai. Wani babban kashi na jarrabawar ilimin yanayi ne, ɗan Kurfai kuwa da shi aka yaye shi. Wa zai koya masa cewa hadarin damina daga gabas yake tasowa, da guguwa da jar ƙura a gabansa kafin ruwa? Wa zai koya masa cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da hazon da ke rufe dutsen da ke gabanka? Titin jirgi na Yamai yana kwance gabas da yamma, ana kiran bakinsa ɗaya 09, ɗayan 27, watau digiri 90 da digiri 270 na kamfas. Jirgi kuwa iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka. Yaron da ya yi shiƙar gero tare da uwarsa ya san inda iska ta fito tun bai ga tuta ba. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi sunayen abin da lambobinsa: nisan da ido ke kaiwa da mita, tsawon gindin gajimare da ƙafa, ƙarfin iska, da gajerun baƙaƙen da ake rubuta rahoton yanayi da su kowane rabin sa'a ko sa'a guda.

Kada kuma a ɗauki yanayi wasa. Ranar 22 ga Janairu 1973, tsakiyar hunturu, jirgi ƙirar Boeing 707 ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Ikko. Yanayin Ikko ya ɓaci, aka juya shi Kano, ya faɗi wajen sauka, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Juya jirgi daga wani fili zuwa wani, da gaya wa matuƙi gaskiyar abin da zai tarar, aikin yau da kullum ne a ƙasashen hazo irin namu.

INGILISHI

Ga inda gizo ke saƙar. Ba za mu ɓoye muku ba, a nan yaran karkara suka fi rauni. A samaniyarmu ana aiki da Faransanci da Ingilishi, amma matuƙin da ya taso daga Turkiyya ko Habasha ba ruwansa da Faransanci. OACI ta kasa iya Ingilishi hawa shida, ta ce daga 5 ga Maris 2008 mai ba jiragen ƙasa da ƙasa hanya kada ya gaza hawa na huɗu. Wanda ya tsaya a na huɗu akan sake gwada shi bayan shekara uku. Ba rubutu ake dubawa ba. Ana duba lafazi, da ginin jimla, da yawan kalmomi, da saurin baki, da ganewa, da iya mayar da magana.

Dalilin yana rubuce da jini. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerif, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suna kan titi ɗaya cikin hazo, ba mai ganin wani, hasumiya ma ba ta ganinsu. Matuƙin ɗaya ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali hanyar da zai bi bayan ya tashi aka karanta masa. Mai hasumiya da matuƙin ɗaya jirgin suka yi magana lokaci guda, muryoyin suka danne juna, gargaɗin bai isa ba. Mutum 583 suka mutu. Har yau ba a yi haɗarin jirgi da ya ci rayuka kamarsa ba. Tun daga nan aka gyara harshen aikin: kalmar tashi ba ta fita bakin mai hasumiya sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, kuma muhimmin umurni sai matuƙi ya maimaita, mai hasumiya ya saurara ya tabbatar. Baƙaƙe ma suna da sunayensu tun 1956, Alfa, Bravo, Charlie, Delta har zuwa Zulu, domin kada B ta zama D a cikin ƙarar waya.

Wani zai ce ai muna da 'yan cirani da suka yi shekaru a Ikko da Kumasi, suna jin Turanci. Muna girmama su, da guminsu gidaje da yawa ke cin tuwo. Amma Turancin kasuwa dabam, na jarrabawa dabam. Amfanin da za su yi wa yaro shi ne su cire masa kunyar buɗe baki, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sauran sai da malami, da sauraron rediyo mai Ingilishi kullum ko da rabin sa'a, da karatu da ƙarfi. Wayar da ke hannun samarinmu dare da rana tana iya ɗaukar murya. Yaro ya karanta shafi guda, ya saurari kansa, ya gyara, ya sake. Harshe ba ya shiga cikin wata uku, shi ya sa muke cewa a fara tun daga kwaleji.

JIKI DA TAKARDA

Abu biyu suna kayar da yaro tun bai ɗauki alƙalami ba. Na farko jiki. Likita yana duba ido, da rarrabe launi, da ji, da zuciya, kuma ana sake dubawa lokaci-lokaci muddin mutum yana aikin. Akwai yaran da ba sa rarrabe ja da kore, ba su kuwa sani ba, iyayensu ma ba su sani ba. Gara a gane tun yaro yana kwaleji a juya shi ga wani fanni, ga ilimin yanayi ko gyaran na'urori, waɗanda duk ana koyarwa a makarantar nan, da a bari ya kai ƙofa a komo da shi. Masu shan ƙwaya kuwa, tiramol da 'yan'uwanta, wai don su yi karatun dare, su sani sun rufe wa kansu wannan ƙofa da hannunsu.

Na biyu takarda. Mu mutanen karkara muna da sakaci a nan, sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. A haifi yaro ba a rubuta ba, sai ranar jarrabawa a ruga wurin alƙali neman takardar da za ta maye gurbin ta haihuwa, a rubuta suna iri ɗaya nan, wani iri can, shekara ta saɓa. Gasa mai iyakar shekaru ba ta jin wannan. Takardar haihuwa, da ta shaidar ɗan ƙasa, da ta kotu mai nuna ba ka da laifi, da shaidar karatu, duk su zama suna ɗaya, rana ɗaya, kuma waɗanda ba sa tsufa a tanade su tun da wuri.

TO, WA ZAI KAWO TSANIN?

Wani dattijo zai ce gurabe nawa ne duka-duka? Ba likita da malamin gona muka fi bukata ba? Gaskiya ne gurabe kaɗan ne, ba kuwa muna cewa kowane yaro ya hau hasumiya ba. Amma ku dubi abin da ake nema: lissafi, fizik, Faransanci, Ingilishi, lafiyar jiki, takarda tsabtatacciya. Yaron da ya shirya wa wannan, in bai sami hasumiya ba, ya riga ya shirya wa likitanci da injiniya da aikin gona na zamani. Ba hasara. Kada kuma wani ya ce kimiyya ba tamu ba ce. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, ya zama gwanin fizik tun zamanin da Nasara ke cewa baƙar fata ba ya iyawa, ya ƙare rayuwarsa yana binciken ƙarfin hasken rana.

Abin da muke nema ga hukuma ba sassauci ba ne. A turo malaman lissafi da fizik da Ingilishi makarantun Kurfai, a ba su abin da zai zaunar da su, kada mushe ya zo da kaka ya gudu da bazara. Yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, a yi musu azuzuwan cike gibi. Sanarwar gasa kuwa kada ta tsaya a allunan Yamai da intanet. A manna ta a ƙofar lise, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci, tun da sauran lokaci, ba ana saura kwana uku a rufe ba.

Amma kada mu zauna jiran hukuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya'yan Kurfai mazauna Yamai, ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa yana da ɗaki ko zaure. Yaron da ya zo jami'a ko ya zo gasa, masauki da abinci su ne ke fara karya shi, ba lissafi ba. Ɗalibanmu na jami'a masu dawowa hutun damina, su ba ƙannensu sa'a biyu da yamma bayan an taso daga gona. A nemo tambayoyin shekarun baya a yi su da agogo a gaba, domin wanda ya san amsa amma lokaci ya ƙare masa, shi da wanda bai sani ba ɗaya ne. Attajiranmu masu dabbobi, kuɗin rago guda ya isa littattafan lissafi da ƙamus na yara da dama. Sarakunanmu da limamanmu su yi magana a kan rubuta haihuwa ranar suna.

Iyaye mata, ku ma da ku muke. Mata suna aikin hasumiya a Afirka da sauran duniya, ƙa'idar OACI ba ta ce namiji ba. In 'yarku ce ta fi kowa lissafi a ajinsu, kada a cire ta ana tsakiyar karatu.

Ku kuma 'yan lise na Filinge, ga ɗanɗano. Jirgi yana gudun mil 480 a sa'a, yana bisa ƙafa 36,000, saura mil 120 ya iso Yamai. Mil nawa yake ci a minti guda? Da ƙa'idar mil uku ga kowace ƙafa dubu, a nisan mil nawa zai fara gangarowa, kuma saura daƙiƙa nawa ku ba shi izini? Ba alƙalami, ba takarda, ba waya. Wanda ya wuce daƙiƙa goma sha biyar bai amsa ba, ya sāke lambobin da kansa ya sake gwadawa gobe da safe.